Littafin Karatu Ya Wadatar Da Kansa, Littafin Aiki Ya Zama Ƙari

A watan Janairun 2026 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da wani sabon tsari da ya shafi littattafan makarantun firamare da sakandare. Tsarin, wanda Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad suka sanar, ya ce littafin karatu ya zama mai ƙwari da za a yi shekara 4 zuwa 6 ana amfani da shi, sannan ya haramta haɗa shi da littafin aiki, wanda iyaye suka fi sani da wokbuk, wato wanda yaro ke cike amsa a cikinsa a yar da shi a ƙarshen shekara.

Matakin ya yi daidai, kuma iyaye sun daɗe suna jiransa. Sai dai akwai wata kafa da aka bari a buɗe, wadda idan ba a toshe ta ba za a wayi gari an gudu ba a tsira ba. Ana iya raba littattafan biyu kamar yadda aka umarta, amma a kwashe duk atisaye da misalai daga littafin karatu a zuba su a littafin aiki, ta yadda na farkon ba zai amfanu ba sai da na biyun. Shi ya sa ya kamata a fayyace ƙa'ida guda tun yanzu: duk littafin da aka amince da shi a matsayin littafin darasi dole ne ya ishi ɗalibi shi kaɗai. Abin da ya biyo baya ƙari ne, mai so ya saya, wanda bai saya ba kada ɗansa ya cutu.

Yadda abin yake a Dawakin Kudu

Wanda ya san yankin Dawakin Kudu da maƙwabtansa Kura da Bunkure da Garun Malam ya san kuɗi yana da lokacin shigowa. Zangon farko na makaranta yana farawa ne a watan Satumba. A lokacin shinkafar damina ba ta iso gida ba, ga kuma shirin noman rani ya kankama: irin tumatir, taki, maganin feshi, kuɗin ma'aikata, sannan alkama na jiran watan Nuwamba. Mai gona a bakin kogi ko nesa da magudanan ruwan Tiga kuma yana da lissafin man injin ban ruwa, wanda ya ninka tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023.

A irin wannan lokaci ne takardar jerin littattafai take zuwa hannun magidanci. Idan yana da 'ya'ya huɗu a makaranta, a da lissafinsa mai sauƙi ne: ya saya wa babba, ƙanne su gada. Littafin da aka rubuta amsa a cikinsa ya rushe wannan lissafi, domin ƙanwa ba za ta iya amfani da abin da yayarta ta riga ta cike ba. Wannan ita ce cutar da tsarin gwamnati ya zo magancewa.

To amma a ce an raba su. Magidanci ya sayi littafin lissafi mai bango mai ƙwari, ya kawo gida yana murna zai yi shekara shida. Da yamma yarinya ta dawo da aikin gida, ta buɗe littafin, sai ta tarar kowane babi bayani ne na shafi biyu, a ƙarshensa an ce a duba littafin aiki shafi kaza. Babu tambaya ko ɗaya da za ta gwada hannunta. Malami kuwa daga littafin aikin yake ba da aiki, da shi yake ba da makin gwaji. A nan uban bai huta da komai ba. Sayayyar kowace shekara tana nan, suna kawai aka sauya mata.

Manomin Kura ba zai yarda da irin wannan ciniki a harkarsa ba. Idan ya sayi injin ban ruwa, yana sa ran a zuba mai a tayar ya jawo ruwa. Ƙarin mesa domin gona mai nisa, wannan zaɓinsa ne. Amma a sayar masa da inji a ce wani ƙarfen cikinsa sai ya dawo ya saya daban, ai wannan rabin inji ne aka karɓi kuɗin cikakke.

Darasi daga wani wasa

Wannan muhawara ba a kan littafin makaranta kaɗai ake yin ta ba. Akwai wata kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka da ta shafe shekara 50 tana fama da ita, kuma abin da ya faru a can yana da amfani a nan.

Akwai wani nau'in wasa da ake yi a kan tebur, wanda mafi shahararsa shi ne Dungeons & Dragons. Ya yi kama da tatsuniya da ake ƙagawa tare. Mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi ya riƙa faɗin abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ba kamar dara ba, wadda yaro ke koyon ƙa'idarta da kallon manya a gindin bishiya, wannan wasan duk dokokinsa a littafi suke. Wanda ba shi da littafin ba shi da wasan. Shi ya sa tambayar ko littafin tushe ya cika ko bai cika ba ta zama babbar magana a wurinsu.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Bugun farko ƙananan littattafai uku ne a kwali, amma a cikinsu ana tura mai karatu ga wani littafin daban mai suna Chainmail domin dokokin faɗa, da wani wasan na wani kamfani domin taswira. Da aka faɗaɗa wasan, littafin 'yan wasa ya fito a 1978 ba tare da jadawalin da ake duba sakamakon faɗa ba. Sai da masu saye suka jira littafin mai ba da labari a 1979.

Kamfanin da ya kafa wasan, TSR, ya ci gaba da zubo littattafan ƙari masu ɗimbin yawa har masu saye suka rarrabu. A 1997 bashi ya yi masa katutu, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi. Masu bin tarihin harkar suna lissafa yawan buga littattafan da ba su sayu ba cikin dalilan faɗuwarsa.

Sabon mai shi ma ya taɓa irin wannan. A bugu na huɗu, a 2008, an cire wasu jaruman da mutane suka saba da su, kamar mawaƙi, daga littafin farko, aka ajiye su sai littafi na biyu a 2009. A wannan shekarar wani ƙaramin kamfani, Paizo, ya fito da nasa wasan, Pathfinder, a littafi guda mai shafi 576 wanda ya haɗa dokokin 'yan wasa da na mai ba da labari, har da jaruman da aka cire. Ba wannan ne kaɗai dalili ba, amma daga 2011 zuwa 2014 Pathfinder ne ya riƙa zuwa kan gaba a ƙididdigar cinikin shagunan wasanni a Amurka.

Da bugu na biyar ya zo a 2014, kamfanin ya sauya salo. Ya saka dokokin farko kyauta a intanet, ya rage yawan littattafan ƙari, ya kuma bayyana cewa abin da ke cikinsu zaɓi ne. Wannan bugun shi ne ya fi kowanne karɓuwa a tarihin wasan. Duk da haka har yau ana gunaguni, domin littattafan tushe uku ne, kowanne kusan dala 50.

Abin lura a nan shi ne, masu wannan wasa suna da 'yancin juya baya. Idan an sayar musu da rabin littafi, su koma wani kamfani, ko su bar wasan gaba ɗaya. Wannan 'yancin ne ya tilasta wa kamfanin gyara. Uba a Tamburawa ko Tsakuwa ba shi da shi. Ba shi ya zaɓi littafin ba, makaranta ce ta zaɓa, kuma sau da yawa a makarantar ake sayar da shi. Inda kasuwa ba za ta iya hukunta mai sayarwa ba, aikin ya koma kan hukuma.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu buga littattafai da masu makarantu suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba.

Na farko, tsadar takarda. Najeriya tana shigo da mafi yawan takardar da take bugu da ita, kuma faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashi. Littafin da ya ƙunshi komai zai yi kauri, ya yi tsada. Wannan gaskiya ne. Amma littafi mai tsada da yara huɗu za su gada ya fi arha a kan mai sauƙin kuɗi da ke jawo sabuwar sayayya duk Satumba. Iyaye sun iya wannan lissafi.

Na biyu, idan littafi zai yi shekara shida, kuma ga masu buga na jabu, da me mawallafi zai ci abinci? Wannan ma tambaya ce ta gaskiya. Amsarta ita ce a yaƙi satar fasaha, kuma gwamnatoci su riƙa sayen littattafai da yawa suna biya a kan lokaci. Ba adalci ba ne a ɗora asarar da ɓarayin fasaha suka jawo a kan manomin da ya sayi na gaskiya.

Na uku, malamai suna cewa littafin aiki yana sauƙaƙa musu. A ajin da ya cika maƙil, duba amsar da aka cike a gurbi ya fi sauri a kan bin littafin rubutun kowane yaro. Haka kuma yaran nazare da 'yan aji ɗaya da biyu suna buƙatar shafin da za su bi layin baƙi da fensir. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa ba a ce a haramta littafin aiki ba. A bar shi ga ƙananan azuzuwa a matsayin ɗan siririn littafi mai arha. Amma daga aji uku zuwa sama, yaron da ya kwafi tambaya da hannunsa a littafin rubutu ya warware ta mataki-mataki yana samun abin da mai cike gurbi ba ya samu. A jarrabawar WAEC da NECO akwai takardun da sai ɗalibi ya rubuta amsa da tsawo ya nuna yadda ya kai gare ta.

Na huɗu, ana cewa babu littafin da ya ƙunshi dukkan ilimi. Haka ne, kuma ba wanda ya nemi haka. Cika a nan tana nufin littafin ya sauke nauyin da ya ɗauka. Idan an rubuta a bangonsa lissafin aji biyar ne, to duk abin da manhaja ta ce ɗan aji biyar ya sani ya kasance a ciki, da bayaninsa, da misalinsa, da atisayensa.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Karatun zaure ya daɗe da warware wannan. Ɗalibi yana farawa da ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, kafin ya kai Askari. Ahalari ɗan ƙaramin littafi ne, amma wanda ya sauke shi ya san tsarki da salla da ƙabli da ba'adi. Bai ƙunshi dukkan fiƙihu ba, amma abin da ya ɗauka ya kai shi ƙarshe. Sharhi kuwa yana nan ga mai son zurfafawa, kamar Samaruddani a kan Risala.

Ana iya cewa ai Askari ba ya fahimtuwa sai da sharhi. Gaskiya ne, domin Ibnu Askar ya taƙaita shi matuƙa. Amma littafin manyan ɗalibai ne, kuma kowa ya san haka kafin ya ɗauke shi. Ba a taɓa miƙa wa mai farawa littafin da sai ya sayi wani kafin ya amfana ba. Ga shi kuma littafi guda yana iya ratsa hannun kaka da ɗa da jika.

A bangaren boko ma haka aka taso. Gwamnatin Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa. Ɗaliban kimiyya a faɗin ƙasar nan sun san littattafai irin su New General Mathematics da littafin kimiyyar haɗa sinadarai na Ababio. Bayani yana ciki, misalai suna ciki, tambayoyi suna ƙarshen babi, na lissafin har da amsoshi a baya. Ɗalibi yana iya zama shi kaɗai da fitila ya gwada kansa. Idan ya gama ya bar wa na bayansa, wani lokaci da sunaye uku ko huɗu a shafin farko. Abin da ake nema yau ke nan.

Wannan ya fi muhimmanci a karkara. Ɗan birni yana da malamin lesin, ga waya da data. Yaron da ke ƙauyen Bunkure, wanda wani lokaci yakan rasa aji saboda dashen shinkafa ko tsinkar tumatir, littafinsa ne malaminsa na biyu. Idan littafin rabi ne, ranar da ya rasa ta tafi ke nan.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya, NERDC, ita ce ke tantance littattafai. Ya kamata ta sanya cika a cikin sharuɗɗan amincewa. Kowane babi ya zo da isassun misalai da atisayen da za a yi a littafin rubutu. Duk littafin da ke tura ɗalibi zuwa wani littafi, ko wata manhajar waya ta biya, domin wani ɓangare na darasi, kada ya samu shiga jerin.

Haka kuma a sa ido kan sabon bugu. An sabunta manhajar karatu a 2025, don haka wasu littattafan dole su sauya. Amma sauya bango da jujjuya lambar shafi domin kawai tsohon ya daina aiki a aji, wannan dabara ce ta cin kuɗin iyaye. Mawallafin da ya ce ya yi sabon bugu ya nuna abin da ya sauya.

Gwamnatin Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, tana da nata aikin. Sanarwar Abuja ba za ta kai aji a Dawakin Kudu ba sai jiha ta ɗauke ta. Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB da hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu su fitar da umarni a rubuce, da Hausa da Turanci, cewa ba a tilasta sayen littafin aiki daga aji uku zuwa sama, ba a korar yaro ko hana shi maki saboda rashinsa, kuma iyaye suna da damar sayen littafi a duk inda suka ga ya fi musu sauƙi. A karanta umarnin a gidajen rediyo, domin ta nan ne zai isa gona.

Idan gwamnati za ta sayi littattafai ta raba, ta sayi cikakku. Littafin da aka raba kyauta amma sai uba ya sayi abokin tafiyarsa bai cika alƙawarin ilimi kyauta da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗauka ba.

Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da kwamitocin kula da makarantu su ne idon da ya fi kusa. Binciken ba shi da wuya. A ɗauki littafi, a buɗe kowane babi, a duba ko akwai tambayoyin da yaro zai amsa. A duba littafin rubutun yara a ga daga ina aikin gida yake fitowa.

Su ma iyaye suna da rawar takawa. Taron iyaye da malamai ba na tara kuɗi kaɗai ba ne. Uba ko uwa na da haƙƙin tambayar shugaban makaranta, cikin girmamawa: Malam, wannan littafin zai ishi yaro shi kaɗai? Ƙaninsa zai iya amfani da shi baɗi? Makarantu kuma za su iya ware rana a ƙarshen shekara domin musayar littattafai tsakanin iyaye, yadda manoma ke musayar iri. Amma idan ana son littafi ya yi shekara shida, sai an koya wa yara riƙe shi, a naɗe bangonsa, a hana rubutu a ciki.

Mawallafa ba abokan gaba ba ne, kuma ba wanda ya ce kada su ci riba. Su buga littattafan ƙari iya son ransu: tambayoyin jarrabawar baya, littattafan bita, na masu hazaƙa da ke son wuce aji. Idan suna da kyau za a saya, kamar yadda ake sayen sharhi ba tare da an tilasta kowa ba. Abin da ba za a lamunta ba shi ne a yanki wani sashe na darasi a sayar da shi daban.

Satumba na tafe, jerin littattafai zai sake zuwa gidaje a Dawakin Kudu da Kura da Bunkure. A lokacin ne za a gane ko tsarin Janairu ya rage wa iyaye nauyi, ko kuwa takarda ce kawai. Hukumomin Kano suna da isasshen lokacin fitar da umarni kafin ranar.